Asalin kalmar defile, da dalilin da ya sa ban yarda a fassara ta da "lalata" ba

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Tun shekaranjiya na ga tambayarki, ban amsa da wuri ba ne saboda ba irin wadda ake amsawa a tsaitsaye bace. Kince kina fassara labarai a gidan rediyo, kuma kusan kullum sai kin ci karo da defile ko defilement a rahoton 'yan sanda da na kotu in an ci zarafin ƙaramar yarinya, amma in babbar mace ce sai su rubuta rape, kin duba ƙamus ya ce miki ma'anarta ƙazantarwa, shine kike so ki san ina kalmar ta samo asali kuma da wace Hausa ya kamata ki fassara ta. Toh na shekara ashirin da wani abu ina koyar da tarihin harshen Turanci da fassara, na kuma taɓa aikin tafinta a kotu, don haka bari in baki abinda na sani, ki yi haƙuri da tsawon.

Abu na farko da zaki riƙe shine kalmomi biyu ne a cikin kalmar nan, sun haɗu sun narke har ba a gane inda aka yi ɗinkin. Ɗaya daga Faransanci tazo, ɗayar kuma 'yar gida ce, tun tsohon Turancin da ake yi a Ingila fiye da shekara dubu da suka wuce.

Mu fara da baƙuwar. A 1066 Wiliyam na Nomandi ya ci Ingila da yaƙi a Hastings, daga nan aka yi ɗaruruwan shekaru sarakuna da alƙalai da masu ƙasa Faransanci suke yi, talaka ne kawai ya riƙe Turancinsa. A wannan zamanin dubban kalmomin Faransanci suka kwararo, cikinsu akwai defouler, wadda Turawan Ingila suka mayar defoul, kuma ana ganinta a rubuce tun wajejen 1300. Ma'anarta ta asali ba ruwanta da datti. Tattakewa ce. A bi ta kan abu da ƙafa, a murƙushe shi, doki ya tattake mutum a fagen yaƙi, mai ƙarfi ya danne marar ƙarfi, kuma tun a lokacin ana faɗinta in namiji ya haike wa mace da ƙarfi. De ɗin nan ɗafa-goshi ne, wato ƙari a farkon kalma, jikin kalmar shine fouler, wato taka.

Ita kuma fouler ɗin daga sana'a ta fito, kuma nan ne wurin da ɗalibaina suka fi mamaki. A Latin akwai fullo, mai gyaran tufafin ulu. In masaƙi ya gama saƙa ulu yana fitowa ne da maiƙon tumaki kuma sakwa-sakwa, toh sai a kai wa waɗannan mutanen su zuba shi a kwarami da ruwa da wata irin ƙasa mai tsotse maiƙo, wani lokaci da tsohon fitsari saboda yana wanke maiƙo kamar sabulu, su shiga ciki da ƙafa suna tattakawa awa da awanni har yadin ya fita tas ya kuma yi kauri. A garin Pompeii na Italiya, wanda aman wutar dutse ya binne a shekara ta 79, har yau in kinje akwai irin wannan wurin aikin da kwaramensa, kuma sarkin Rum Vespasian har haraji ya saka a kan fitsarin da ake tarawa don irin wannan aiki. In kina son ki hango shi ki tuna masu bugu a bakin marina, su da taɓarya suke dukan yadi, waɗancan da tafin ƙafa. Sunayen Turawa irin su Fuller da Walker da Tucker duk daga wannan sana'ar suke, Walker ɗin ma ai mai takawa kenan. Kinga kenan kalmar da yau take nufin ƙazantarwa, can tushenta aikin wanki ne.

Zuriyar fouler tana nan da yawa. Foule a Faransanci shine cunkoson jama'a, inda ake tattake juna. 'Yan'uwanmu na Nijar sun san refoulés, mutanen da ake korowa daga Aljeriya a jibge su a bakin iyaka, shi ma daga nan ne, an turo su baya da ƙarfi.

Yanzu 'yar gidan. A tsohon Turanci akwai sifa fūl, ruɓaɓɓe, mai ɗoyi, ita ce ta zama foul ta yau, wadda masu kallon ƙwallo suka sani. Jamusawa suna da faul, su ma ruɓaɓɓe, har malalaci suna ce masa haka, kuma in aka bi salsala can baya danginsu ɗaya da pus ta Latin, wato mugunya. Daga wannan sifar suka ƙera aikatau fȳlan, a mayar da abu ƙazami, kamar dai yadda mu muke ɗauko ƙazami mu ce ƙazantar, ko baƙi mu ce baƙanta. Wasalin ne ya sauya, kuma sauyin ba na ganganci bane, ƙa'ida ce da ta bi kalmomi da yawa: yadda mūs da mȳs suka zama mouse da mice, haka fūl da fȳlan suka zama foul da file. Filth, wato ƙazanta, ita ma 'yar ɗakin ce. Akwai kuma befile da suke amfani da ita da wannan ma'anar.

Toh ki duba abinda ya faru. Baturen Ingila na 1300 da wani abu, wanda bai iya Faransanci ba, ya ji ana cewa defoul, kunnensa foul yake ji, ƙazanta, don bai san wata fouler ba balle masu tattaka ulu. Tunda kuma a bakinsa foul da file tare suke tafiya, befoul da befile duk ɗaya ne a wurinsa, sai defoul ita ma ta samu abokiyar tafiya defile. Wajejen 1400 ta bayyana, a hankali ta ture uwar tata, defoul ta mutu, defile ta rayu. Kan Faransanci, gangar jiki Turanci. Amma abinda ya fi damuna ba siffar kalmar bane, ma'anar ce ta juya. Tattakewa magana ce a kan wanda ya taka, ƙafarsa ake kallo da zaluncinsa. Ƙazantarwa kuwa ido yana komawa kan wanda aka taka, shi ake dubawa a ga me ya manne masa. Ki riƙe wannan don zan dawo kansa.

Ita file ɗin ta gida bata mutu nan take ba. A wasan Macbeth na Shakespeare, bayan ya kashe sarki, akwai inda yake cewa saboda 'ya'yan Banquo ne "have I filed my mind", wato ya ƙazantar da zuciyarsa. Duk shekara sai ɗalibi ya tambaye ni ko kuskuren bugu ne, a'a, tsohuwar fȳlan ce da kanta. Kuma kada ki haɗa ta da fayil na ofis, wannan daga fil ne na Faransanci, zare, saboda da can a zare ko waya ake tsire takardu. Magagarin maƙera ma file suke ce masa, shi kuma wata kalma ce ta uku daban.

Tunda zancen zare ya shigo bari in kawar miki da wani ruɗani da zaki iya haɗuwa da shi. Akwai wata defile ɗin ta biyu a ƙamus, rubutu iri ɗaya, wadda take nufin matsattsiyar hanya tsakanin duwatsu inda sojoji basa iya wucewa sai ɗaya bayan ɗaya. Wannan a ƙarni na 17 aka aro ta daga défilé na Faransanci, tafiya a jere kamar zare. Ita ce dai défilé ɗin da ake yi a Nijar ranar 18 ga Disamba, faretin sojoji da 'yan makaranta. Ba abinda ya haɗa ta da wadda kike tambaya sai kamannin rubutu, in kin ganta a labarin yaƙi kwazazzabo ko mashigi ake nufi.

Abinda ya kafa waccan ta farkon a bakin Turawa har ta yi jijiya shine fassarar Baibul ta Sarki Jems ta 1611, wadda aka yi ɗaruruwan shekaru ana karanta wa mutane ita duk Lahadi. Masu fassarar sun ɗauki defile sun ɗora mata kaya kala-kala. In mutum ya taɓa gawa ko mushe, defile. Daniyel da ya ƙi cin abincin sarkin Babila don kada ya ƙazantu, defile. A Markus sura 7 inda aka ce ba abinda ke shiga mutum daga waje ne ke ƙazantar da shi ba, sai abinda ke fitowa daga zuciyarsa, defile, alhali kalmar Girkancin da ke wurin asalinta mayar da abu gama-gari ne. Sannan a Farawa sura 34, labarin Dinatu 'yar Yakubu da Shekem ya kama, nan ma defile. Kinga kalma ɗaya ta ɗauki najasa, ta ɗauki keta alfarmar wuri mai tsarki, ta ɗauki zunubin zuci, ta kuma ɗauki fyaɗe. Mu a wurinmu waɗannan kowanne da sunansa, wanda ya yi karatun Ahalari ko Ishmawi ya san najasa daban hadasi daban janaba daban, kuma ba wanda zai kira fyaɗe da ɗaya daga cikinsu. Har karin magana Turawa suka samu daga littafin Sirak, cewa wanda ya taɓa kwalta sai ta ɓata shi.

Tana da 'yar'uwa da ta shigo kusan lokaci ɗaya, deflower, daga Latin, ma'anarta tsinke fure, ana faɗinta ga kawar da budurci. Tunaninsu ɗaya, mace kamar wani kaya ne da darajarsa ke faɗuwa in an taɓa.

Yanzu ga yadda ta iso takardar da ke kan teburinki. A watan Yulin 1885 wani editan jarida a Landan, W. T. Stead na Pall Mall Gazette, ya buga jerin rahotanni kan cinikin ƙananan 'yan mata a birnin, har ya shirya aka sayi yarinya 'yar shekara 13 a kan fam 5 don ya nuna cewa abin yana yiwuwa, wanda hakan yasa shi kansa ya sha ɗaurin wata uku. Ƙasar ta ɗauki zafi, a watan Agusta majalisa ta zartar da gyaran dokar laifuka, aka ɗaga shekarun amincewa daga 13 zuwa 16, kuma sunan da aka ba laifin a sassan dokar shine defilement. Dalilin ware shi daga rape dalili ne mai kyau, kuma ina so ki fahimce shi sosai: a shari'ar fyaɗe sai mai gabatar da ƙara ya tabbatar cewa matar bata yarda ba, lauyan wanda ake tuhuma kuma nan yake kafa ƙahon zuƙa. A wannan laifin an rufe ƙofar gaba ɗaya, yarinya bata da yardar da zata bayar, ko ta ce eh doka bata ji ba, shekarunta kawai za a tabbatar da kuma cewa abin ya faru.

Daga Ingila kalmar ta bi Turawan mulki. Kundin dokar laifuka na Queensland ta Ostireliya na 1899, wanda Sir Samuel Griffith ya tsara, shi aka kwaikwaya aka kawo Arewacin Najeriya a 1904 zamanin Lugga, a 1916 aka shimfiɗa shi a ƙasar baki ɗaya. Shine Kiriminal Kod da Kudu ke amfani da shi, kuma sashe na 218 nasa sunansa kenan, defilement na 'yan mata 'yan ƙasa da shekara 13, hukuncinsa ɗaurin rai da rai. Arewa kuwa ta bar wannan kundin a 1960 ta koma Final Kod (Penal Code), wanda aka ɗauko samfurinsa daga na Sudan, na Sudan ɗin kuma daga na Indiya na 1860. A Final Kod sashe na 282 kai tsaye ya saka saduwa da yarinya 'yar ƙasa da 14 cikin fyaɗe, da yardarta ko babu. Dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ma a sashe na 31 fyaɗe ta kira shi, ga duk wanda bai kai 18 ba, da ɗaurin rai da rai. Wato sau da yawa in kinga ɗan jarida ya rubuta defile a labarin Kano ko Sakkwato ko Bauchi, sabo ne kawai irin na jaridun Legas, takardar tuhumar da ke gaban alƙali fyaɗe ta ce. A Gana kalmar tana cikin dokarsu sosai, sashe na 101 na dokar laifuka ta 1960, yaro ko yarinya 'yan ƙasa da 16, ɗaurin shekara 7 zuwa 25. Kenya da Yuganda su ma suna da ita. Su kuwa masu kalmar, a dokarsu ta 2003 ta Ingila, babu ita, abinda suka rubuta shine fyaɗen yaro ɗan ƙasa da 13.

Toh mu zo kan Hausar, nan ne nake da magana da ku masu aikin rediyo, kuma wallahi da zuciya ɗaya nake faɗa. Abinda na fi ji a labarai shine "an kama wani mutum da laifin yin lalata da yarinya 'yar shekara bakwai". Ki saurari jimlar da kunnen Bahaushe. Yin lalata da wance, a Hausarmu abu ne da mutum biyu suka haɗu suka yi, shine abinda ake faɗa in an kama saurayi da budurwa a kango. Wannan "da" ɗin ya mayar da yarinya 'yar shekara bakwai abokiyar aikin laifi, alhali dukkan dalilin da yasa aka ƙirƙiro laifin a doka shine a ce bata da hannu. Sai na biyu, "ya ɓata ta" ko "ya lalata ta". Wannan kam shine fassarar defile ta ƙamus daidai wa daida, kuma shine ya fi muni, don abinda aka ce ya ɓaci ko ya lalace zubar da shi ake yi, nono ne ko tuwon jiya.

Akwai ranar da bazan manta ba lokacin ina tafinta. Shari'ar wata yarinya ce da bata wuce shekara tara ba, aka karanto tuhuma da Turanci, ni kuma da saurin baki irin na wanda ya saba na ce "ana tuhumarka da ɓata wannan yarinya". Mahaifiyar tana zaune a benci na biyu, da ta ji kalmar sai ta ja mayafi ta rufe fuska, yarinyar kuma ta juyo tana kallon uwar. Da aka tashi uwar ta same ni a waje ta ce, Malam, yanzu shikenan ta ɓaci, ba mai aurenta? Ban samu abinda zan ce mata ba sai da na yi shiru na ɗan lokaci, don daga bakina ta ji kalmar, a gaban alƙali, ta ɗauka hukuncin kotu ne a kan 'yarta. Tun daga ranar ban sake fassara ta haka ba. Kuma irin wannan tunanin ne yake sa iyaye su rufe maganar, su karɓi sulhu a zaure, su ƙi kai yarinya asibiti a kwanakin farko da ake iya bata maganin kariya daga cuta a kuma samu shaida, duk don kada unguwa ta ji an ce ta ɓaci.

Ko ta fuskar addini kalmar bata zauna ba. Hadisin Abu Huraira yana cikin Bukhari da Muslim, ya haɗu da Annabi (SAW) alhali shi Abu Huraira yana da janaba sai ya sulale ya je ya yi wanka, da ya dawo ya faɗi dalili, Annabi (SAW) ya ce masa Subhanallah, ai mumini baya zama najasa. Wannan fa babban mutum ne da janabarsa. Ina ga yarinyar da aka fi ƙarfinta, wadda alƙalami ma bai hau kanta ba.

Don haka ga abinda nake ba ɗalibaina shawara, ke ma shi zan baki. In defile ta zo a kan mutum, yaro ko yarinya, ki ce fyaɗe. "Ya yi wa yarinya 'yar shekara bakwai fyaɗe." Ki lura da "wa" ɗin, ita aka yi wa, ba da ita aka yi ba. In kina ganin kalmar ta yi nauyi a labaran safe da yara ke kusa da rediyo, akwai "ya keta mata haddi" ko "ya ci zarafinta", dukkansu suna nuna mai aikatawa, kuma in kin duba sun fi kusa da tsohuwar ma'anar nan ta tattakewa fiye da abinda ƙamus ya baki. In kuma a kan wuri ne, masallaci ko coci ko maƙabarta, sai ki ce an keta alfarmarsa. In ruwa ne ko abinci, gurɓatawa ko ƙazantarwa. In suna ne ko mutunci, ɓata suna ko zubar da mutunci, nan ɓatawa ta zauna daram.

Nasan editanki zai iya cewa ai rape daban defilement daban a doka, in kin ce fyaɗe kin canza tuhuma. Amsarsa mai sauƙi ce, ki faɗi shekarun yarinyar a jimlar farko, in labarin daga Legas ne ko Gana inda sunan laifin kenan a kundinsu sai ki ƙara da cewa an gurfanar da shi ƙarƙashin sashen dokar da ya shafi yi wa ƙananan yara fyaɗe, ki kawo lambar sashen in tana cikin rahoton. Ba abinda ya ragu na doka a haka. Sunan yarinyar da unguwarsu da makarantarsu kuma ki cire su, ko da wanda ya rubuto Turancin ya saka.